Abin da Bappayo Mai Shela Ya Saya Kafin Tiyata

Duk wanda ya yi zaman Kasuwar Gombe kafin wayoyin hannu su cika gari ya san muryar Bappayo, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai shelar kasuwa. In yaro ya ɓata, in an tsinci makullan shago, in wani ɗan kasuwa ya rasu ana son sanar da lokacin jana'iza, wurinsa ake zuwa. Sai ya saɓa lasifikarsa a kafaɗa ya bi layi layi, daga 'yan hatsi har 'yan atamfa. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, in kuma mutanen ƙauye sun shigo da yawa ya ƙara da ɗan Teranci da Tangalancin da ya tsinta a bakin masu ciniki. Masu harsunan suna yi masa dariya, amma suna gane abin da yake nufi.

A Jekadafari aka haife shi, a gidan da iyalinsa suke har yanzu. Mahaifinsa dillalin shanu ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma Bappayo ba shi da haƙurin ciniki, sai ya koma dako a kasuwa. Karatun allo ya yi nisa a cikinsa. Boko kuwa bai daɗe ba ya gudu, don haka in ya ɗauki alƙalami ajami ne ke fitowa. Shela ta same shi ne ranar da gobara ta tashi a layin 'yan katifa. Yana saurayi lokacin, ya haye kan tarin buhuna yana kiran mutane su kawo ruwa ta gabas su bar hanyar yamma a buɗe. An ce har tasha aka ji shi. Da wuta ta mutu sarkin kasuwa ya sa aka nemo masa mai wannan maƙogwaron, kuma tun daga ranar bai sake ɗaukar kayan kowa ba.

Matarsa Lami 'yar Katsinawa ce, iyayenta fatake ne da suka zo Gombe suka zauna. Ƙosai take soyawa a cikin gida. Ta haddace abin da take salla da shi, amma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba, na boko ko na ajami. 'Ya'yansu maza sun tafi kudu neman abinci. Wadda ta rage kusa ita ce autarsu Najeeba, mai buga takardu a wata ma'aikatar jiha, tana aure a Gabukka.

A daminar 2006 muryar Bappayo ta dushe. Ya ce mura ce. Ya sha zuma da citta, ya tauna kanumfari, Lami ta yi ta dafa masa ruwan lemun tsami. Damina ta wuce murya ba ta dawo ba, sai ma haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya. Yana fita shela duk da haka, yana ƙure ƙarar lasifika don ya rufe abin da ya rasa. Najeeba ce ta lura ya daina cin nama a gabanta, ta matsa masa har ya yarda ta kai shi asibiti ba tare da Lami ta sani ba.

Bayan gwaje-gwaje likitan maƙogwaro ya zaunar da su biyu. Ya ce wani tsiro ne ya kama inda murya ke fitowa, kuma mugun iri ne. In aka cire wurin gaba ɗaya akwai kyakkyawan fata zai rayu, in aka bari zai toshe masa numfashi. Bayan aikin ta wata ƙofa a wuya zai riƙa shaƙar iska, kuma ba zai sake magana ba. Ya sa musu rana kafin watan ya ƙare, ya kuma ja masa kunne kada ya ɗaga murya ko kaɗan, don wurin yana iya kumbura ko ya yi jini.

Bappayo da 'yarsa suka fito bakin titi. Nan ya ce wa Najeeba kada ta faɗa wa kowa, musamman uwarta, shi zai faɗa mata da kansa in ya sami yadda zai faɗa. Najeeba ta ce ai ba komai, za ta saya masa littafi da biro ya riƙa rubuta abin da yake so. Ya dube ta ya ce, "Innarki za ta karanta?"

Wannan tambayar ta hana Najeeba sakat. Tana wurin aiki tana buga takarda tana kuskure. Sai wata rana ta shiga ofishin shugabanta ta tarar yana magana cikin wata 'yar na'ura mai kamar tafin hannu, sannan ya danna ta maimaita masa abin da ya ce, ya kuma zaro wani tsinken roba daga gefenta ya yi rubutu a fuskarta. Ta tambaye shi, ya ce 'yar kwamfutar hannu ce, PDA ake ce mata, shi daga waje aka kawo masa, amma ya ji akwai wani mai shago a bakin kasuwa da ke kawo su jefi jefi. Ranar Asabar Najeeba ta zo Jekadafari ta ce wa Lami za ta raka Baba ya duba waya. Ya ɗauki lasifikarsa kamar kullum, don kada a tambaye shi dalilin barinta.

Mai shagon sunansa Hillary, mutumin Kaltungo, ya fi shekara talatin, Hausa a bakinsa kamar Bagombe. Ya san Bappayo kamar yadda kowa ya san shi, ya tashi ya ba shi kujerarsa. Najeeba ta ce suna son abin da mutum zai yi rubutu a kai ya kuma ɗauki murya, saboda aikin Baba. Hillary ya buɗe gilashi ya fito da guda uku ya jera.

Ta farko sabuwa ce dal a kwalinta, siririya, da 'yan maɓallan boko ƙanana, tana kuma kira kamar waya. Ta biyu ƙarama ce mai fuska baƙi da fari, ana rubutu a kanta da tsinke, batirinta yana daɗewa sosai, amma ba ta ɗaukar murya. Ta uku ta hannu ce, wani ya yi amfani da ita a ƙasar waje, mai kauri da nauyi, kusurwarta ɗaya ta goge, tana da tsinke tana kuma ɗaukar murya.

Ta biyun Bappayo ya fara turewa gefe, bayan ya rubuta bisimilla a kanta ya ga ta fito da kyau. Ya daɗe yana kallon rubutun kafin ya ture ta. Najeeba kuwa idonta yana kan sabuwar. Ta ce tana da garanti, in ta lalace za a canza, kuma ba a san hannun da tsohuwar ta bi ba. Hillary ya mara mata baya, ya ce irin wannan manyan ma'aikata ke nema, ga shi za a iya kiran Baba a duk inda yake, shi ma ya kira.

Bappayo ya ce a hankali, "In kira da me?"

Hillary ya ɗauka maganar kuɗin kira yake yi, ya yi dariya. Najeeba ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Aka gwada sabuwar. Hillary ya nuna masa inda zai danna, ya ce ya faɗi ko mene ne. Bappayo ya kai ta bakinsa ya ce, "Lami." Da aka kunna, sai da suka kara kunne kafin su ji, don hayaniyar kasuwa ta cika shagon. Aka gwada tsohuwar. Ita kam ta fitar da sunan da ƙarfi, har wani mai duba batura a ɗaya gefen ya waiwayo. Wannan ne karon farko da Bappayo ya ji muryarsa sarai daga waje tun da ciwon ya kama shi. Ta yi kaushi, tana tsagewa a tsakiya, kamar ta tsohon da bai sani ba. Ya ajiye na'urar a kan gilashi da sauri.

Najeeba ta koma kan maganarta. Ta ce za a iya haɗa wa sabuwar 'yar lasifika, ta ce zai koyi maɓallan, ita za ta koya masa. Ya ce yatsunsa sun fi maɓallan girma, kuma ba zai fara koyon boko yanzu ba. Ta ce tsohon abu in ya mutu ya mutu ke nan, ba wanda za a kama. Muryarta ta fara hawa, tasa kuma ba ta iya binta, sai ya riƙa buga gilashi da yatsa in yana so ta yi shiru. Hillary yana kallonsu, ya ga rigimar ta fi ƙarfin sayen na'ura, amma bai gane ta mece ce ba.

Suna cikin haka wata Bafulatana mai tallar nono ta faɗo shagon, ba ƙwarya a kanta, ɗankwalinta a hannu. An ce mata an ga mai shela ya shiga nan. 'Yarta ce ta ɓata, ƙaramar yarinya da ba ta daɗe da fara magana ba, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta juya ta auna wa wani nono, ta waiwayo ba ta gan ta ba. Ta zaga layi uku ba labari. Ta durƙusa a gaban Bappayo tana kiransa Bappa, tana faɗin sunan yarinyar, Batul, da launin rigarta.

Bappayo ya miƙe ya ɗauki lasifika. Najeeba ta riƙe igiyar. Ta ce masa a hankali ya tuna abin da aka gaya masa, a nemi wani ya yi. Ya ce wa za a nema, kuma kafin a nemo shi yarinya ta kai bakin titi. Ya fizge igiyar ya fita. Mutane sun riga sun taru a ƙofar shagon.

Ya ɗaga lasifika ya yi sallama, ta fita. Ya ce jama'a ana cigiyar yarinya, ita ma ta fita, da ƙyar. Da ya zo kan sunan sai murya ta yanke. Ya sake ja, sai iska kawai da wani sauti kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, lasifika kuma ta ƙara shi ta watsa wa kasuwa. Tari ya sarƙe shi. Ya dafa bango ya tofar, Najeeba ta ga ja a cikin abin da ya tofar.

Nan ta manta da alkawari. Ta ƙwace lasifikar tana kuka, ta ce, "Baba, so kake ka mutu kafin ranar tiyatar? Likita bai ce kada ka ɗaga murya ba?"

Kowa da ke wurin ya ji. Aka fara salati ƙasa ƙasa. Bappayo ya dube ta, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba. Mai nono tana tsaye tana duban wannan tana duban wancan, ita ba ta fahimci komai ba sai cewa an daina kiran 'yarta.

Hillary ne ya kama hannun Bappayo ya mai da shi cikin shago, ya ja ƙofar gilashi ya rufe, ya kashe rediyo. Ya ba shi ruwa. Sannan ya ɗauko tsohuwar na'urar ya ce kada ya yi ƙarfi, ya faɗa kamar yana yi wa mutum raɗa, sau ɗaya kawai. Bappayo ya huta har numfashinsa ya daidaita. Ya faɗi cigiyar da Hausa, ya tsaya, ya faɗa da Fulatanci, a ƙarshe ya kira yarinyar da sunanta ya ce ta tsaya inda take innarta na zuwa. Hillary ya fita ya kara na'urar a bakin lasifika ya danna.

Muryar ta fita, a dushe amma a fili. Hillary ya bar shagonsa a hannun Najeeba ya bi layi, mai nono tana biye da shi, yana dannawa yana sake dannawa. Bappayo yana zaune yana jin kansa yana nisa, daga 'yan takalma zuwa 'yan robobi, har ya daina ji. Najeeba ta matso kusa da shi. Ta miƙa masa hankici, ya ƙi karɓa, ya yi amfani da hannun rigarsa.

An daɗe. Rana ta karkata, aka kira la'asar, ba su dawo ba. Sai can aka ji hayaniya, Hillary ya shigo yana gumi. An sami yarinyar a bayan 'yan kifi, wata mai sayar da daddawa ta zaunar da ita a rumfarta tana ba ta rogo, tana jiran ta ji shela. Uwar ta zo ta yi godiya tana share hawaye, ta tafi da 'yarta a goye.

Bappayo ya nuna tsohuwar na'urar ya ce ita zai ɗauka. Najeeba ba ta ƙara musu ba. Amma Hillary bai miƙa ta ba. Ya tambayi Najeeba wace irin tiyata ce, ta dubi mahaifinta, ya ɗaga mata kai, ta faɗa. Hillary ya zauna a kan kwali.

Ya ce, "Baba, akwai abin da ban gaya muku ba. Irin wannan, in batirinta ya ƙare gaba ɗaya, duk abin da ke ciki gogewa yake yi. Ga wanda zai ajiye lambobin waya ba wani abu ba ne, sai ya sake sawa. Kai kuwa ba za ka sake ba."

Ya ce maganinta wani ɗan kati ne da ake sa mata a sama, abin da aka kwafa a kansa ba ya gogewa. Shi ba shi da irinsa, ba kuma wanda yake da shi a Gombe, sai dai ya sa a aiko daga Legas a motar dare. Sabuwar ba ta da wannan matsalar. Najeeba ta ce to ai magana ta ƙare, a ɗauki sabuwar. Bappayo ya ɗauki sabuwar ya juya ta a hannu, ya sake kunna sunan da ya ɗauka a ciki, ya kara a kunne. Ya ce Lami kunnenta ɗaya ya yi nauyi, kuma rabin ranarta a gaban kasko take, mai yana ƙara. Ya ajiye ta ya ɗauki tsohuwar ya sa a aljihu. Hillary ya haɗa masa da cajarta, ya ce ita kaɗai ce, a kula da ita, kuma kada a bar alamar batir ta yi ja.

Labari ya riga su isa Jekadafari, matar wani mai sayar da gishiri ce ta kai shi. Sun tarar da Lami a tsakar gida, wake yana jiƙe a roba ba a kai niƙa ba, murhu a kashe. Ba ta amsa sallamarsu da ƙarfi ba. Ta bar su suka zauna, sannan ta ce wa Najeeba ta tashi ta tafi gidan mijinta. Da Najeeba ta fita, Lami ta juyo wajen mijinta.

"Malam, a bakin matar mai gishiri zan ji za a yanka ka?"

Ya fara bayani, ta ɗaga hannu ta ce an ce kada ya yi magana, to kada ya yi. Ya fito da na'urar zai nuna mata, ta ce ya ajiye abinsa. Ta shiga ɗaki. Ranar nan da washegari ta kawo masa kunu da ruwan ɗumi a kan lokaci, amma ba ta zauna kusa da shi ba. Shi kuma ya kasa ɗaukar komai a na'urar. In ya kai ta bakinsa sai ya rasa abin da zai ce, ga kwanaki suna tafiya, ga muryar kullum tana raguwa.

Rana ta uku da hantsi, bayan ta sallami masu sayen ƙosai, Lami ta jawo kujera ta zauna gabansa ta ce ya ɗauko abin. Ta ce ita ta san abin da yake faɗa a gidan nan fiye da shi. Ta fara jero masa yana maimaitawa: sallama, amsa sallama, sannu da aiki, kawo ruwa, na ƙoshi, zan tafi masallaci, wa ya zo. Ta ce ya haɗa da maganganun faɗa, gishiri ya yi yawa, kin bar ƙofa a buɗe, don ta san ba zai daina ba ko an cire masa wuyan gaba ɗaya. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ita kuma ta juya baya tana goge ido da bakin zane. Kowace magana Najeeba ta zo da yamma ta nuna masa yadda zai yi mata alama da ajami don ya gane ta. Daga baya ya ƙara da gaisuwar Fulatanci saboda 'yan uwansa, da sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin tsokanar da yake yi masa. Wasu sai ya yi sau da yawa kafin su fito.

Kati kuwa bai zo ba. Hillary ya ce an saya, an ba direba, motar ta lalace a hanya, an juye kaya a wata. Sai kuma taransifomar unguwa ta ƙone, Jekadafari ta zauna ba wuta. Najeeba ta riƙa tashi daga aiki ta ɗauki na'urar ta kai wurin mai cajin waya da janareto a bakin titi, ta zauna a benci tana gadinta har ta cika. Ranar da aka kwantar da Bappayo a asibiti, janareton ya yi wata irin ƙara, wutar ta yi sama, cajar ta yi hayaƙi ta ƙone tare da na wasu mutane. Najeeba ta zare na'urar da sauri. Ita ba ta taɓu ba, amma batirin ko rabi bai kai ba. Ta zaga shagunan da ta sani, ba mai caja irin bakinta. Ta kashe ta ta naɗe a mayafi, ba ta gaya wa iyayenta ba.

Da safen tiyata ta kunna don ta duba, ta ga alamar ta yi ja. An riga an sa wa Bappayo rigar asibiti, an hana shi ci da sha, ana jira a zo a tura shi. Lami tana gefen gado tana jan carbi. Najeeba tana fita baranda tana dawowa. Sai ga Hillary a kan acaɓa, daga tasha kai tsaye, katin a cikin ambulan na wasiƙa. Suka tsuguna a baranda, ya sa katin ya fara kwafa. Abin yana tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana fito da gargaɗi yana kawar da shi. Najeeba ta ce ya fara da na Inna. Ya ce a jere suke tafiya, yadda aka ɗauke su, in ya tsayar zai ɓata lokaci. Ma'aikaciyar jinya ta wuce su da gadon turawa ta shiga ɗakin.

Fuskar na'urar ta yi baƙi kafin a gama. Hillary ya danna, ya sake dannawa, ba ta tashi ba. Ya ce akwai ɗan ƙaramin batir a ciki da ke riƙe abin na ɗan lokaci, amma a tsohuwa irin wannan ba ya da tabbas. Ya zare katin ya damƙa wa Najeeba, ya ɗauki na'urar ya ruga ya hau acaɓa, zai je shago ya yanke waya ya haɗa mata wuta ko ta yaya.

Najeeba ta koma ciki ta tarar an ɗora mahaifinta a gadon turawa. Ya ga fuskarta, ya yafito ta. Ta sunkuya, ya tambaye ta da raɗa ko maganganun sun shiga katin. Ta so ta ce e. Ta ce, "Na Inna sun shiga, Baba. Sauran ban sani ba tukuna." Ya rufe ido ya buɗe, ya gyaɗa kai. Aka fara tura shi. Lami ta bi gadon har ƙofar da aka ce ta tsaya. Ya kamo bakin mayafinta, ta kawo kunnenta mai ji, ya ce mata ta je ta ci abinci, tun jiya bai ga ta ci komai ba. Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da bakinsa.

Aikin ya ɗauki yini guda. Lami ba ta ci abincin ba sai da likita ya fito ya ce an gama lafiya. Hillary ya dawo da yamma, na'urar ta tashi amma ba komai a cikinta. Da aka mai da katin, sai ga maganganun gida duk suna nan, da rabin gaisuwar Fulatanci. Sunayen jikoki ba ko ɗaya. Da Bappayo ya farfaɗo har ya iya riƙe tsinke, Najeeba ta gaya masa. Ya karɓi na'urar. Sannan ya rubuta wani abu, aka kira wani dattijo a gadon kusa ya karanta musu: a gode wa Hillary.

Ya yi wata biyu kafin ya fita ƙofar gida, da ɗan ƙyalle a wuya yana rufe ƙofar numfashi. A majalisar bakin masallaci yana rubuta ajami a na'urar ya miƙa wa na kusa ya karanta wa sauran, har ya koma shiga gardama kamar da, sai dai amsarsa tana zuwa bayan an wuce wurin, abin da ke ba shi haushi ƙwarai. A gida yana danna maganganunsa, Lami tana amsawa daga wurin kasko ba tare da ta waiwayo ba. Da tafiya ta yi tafiya ta iya karanta leɓensa da bugun yatsansa, har ya zama ba ya danna komai sai sallama in zai shigo. Jikokin kuwa kowanne ya ƙirƙiro masa irin tafinsa, in ya tafa sun san wanda ake kira.

Kasuwa ta ɗauki wani mai shela, shi kuma shugabannin kasuwa suka ba shi kula da rumfar ajiyar kayan tsintuwa, inda ya zauna shekaru da dama. Ciwon bai dawo ba. Hawan jini ne ya kwantar da shi daga baya, ya rasu a gidansa da rana tsaka, Lami da Najeeba suna kansa. An yi masa salla a ƙofar gida bayan la'asar, layin ya kai har bakin kwalta, shaguna da yawa a kasuwa sun rufe. Hillary ya zo ya tsaya daga gefe har aka idar, sannan ya bi mutane zuwa maƙabarta.